Tafiya Matamaye da Kyamara Mai Faɗin Ido

A wannan wata labarin tafiya muka kawo muku. Mun je Matamaye bayan girbi, ni da wani mai ɗaukar hoto. An aike mu ne mu ɗauko hoton gawo a cikin gonaki. Mun ɗauko, kuma mun komo da wani darasi game da hoto. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Hanya

Mun tashi daga Damagaram bayan sallar asuba. Muka yi yamma har Takeita. Daga nan muka juya kudu, muka wuce Kance, muka isa Matamaye da hantsi. Tafiyar duka ba ta cika kilomita 100 ba. Wanda ya zarce da wannan hanya zai kai iyakar Najeriya, ya faɗa Daura, ya wuce Kano.

Matamaye ita ce babban garin gundumar Kance. Gundumar tana da ƙananan hukumomi 9: Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawce, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsauni da Yawuri. Ƙasa ce mai yawan jama'a. Gona na jikin gona, gari na hangen gari. Ko'ina ka duba sai karan hatsi da rumbuna. Ciyawa ta bushe, amma gawo ya yi kore shar, domin shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe.

Idon kyamara

A cikin mota abokin tafiyata ya buɗe jakarsa. Ya fiddo kyamara, ya fiddo wani abu baƙi mai kama da gwangwani, ya ɗaura mata a gaba. Ya ce wannan shi ne idonta. Kyamarar masu sana'a ana sake mata ido, kamar yadda ake sake wa gatari ƙota. Akwai ido mai jawo abin da ke nesa. Akwai ido mai faɗin gani. Na biyun ne ya zo da shi.

Na ɗauka na ji nauyi. Ya fi rabin kilo. A cikin irinsa akwai gilasai har 16 a jere. Kamfanonin ƙasar Japan kamar Canon da Nikon suna ƙera shi. Kuɗinsa ya kai na bijimi, wani ma ya fi.

A jikinsa an rubuta lambobi, daga 16 zuwa 35. Akwai zobe da ake murɗawa. In an murɗa zuwa 35, ganinsa ya tsuke, ya yi kusa da yadda mutum ke kallon abin da ke gabansa. In an murɗa zuwa 16, ganinsa ya buɗe. Ga misali. Ka tsaya ka fuskanci tsakanin gabas da arewa. A kan 16, hoto ɗaya zai kwaso tun daga gabas har arewa, da ɗan ƙari. A kan 35, sai ya kwaso rabin haka da kaɗan. Ashe ƙaramar lamba ita ce babban gani.

Amfanin zoben shi ne mai hoto ba sai ya yi ta ja da baya ba. A cikin ɗaki ko cikin cunkoson kasuwa babu wurin ja da baya. Sai ya tsaya inda yake, ya murɗa.

A kasuwa

Mun dace da ranar kasuwa. Ga amalanke cike da rake. Ga gujiya, ga wake, ga hatsi ana awo da tiya. Mai hoto ya hau kan wata amalanke da izinin mai ita, ya murɗa zuwa 16, ya danna. Da muka leƙa bayan kyamara sai ga rumfuna da mutane da dabbobi, duk cikin hoto ɗaya. Yara suka taru, kowa na neman kansa a ciki.

Sai ya ce bari ya nuna mana halin wannan ido. Ya matsa gaban wani jaki, kamar kamu biyu tsakaninsu, ya danna. Jama'a, abin dariya! Kan jaki ya yi ƙato kamar tulu, ƙafafunsa na baya kamar na ɗan akuya. Mai jaki ya duba ya ce, "Malam, wannan ba jakina ba ne." Aka yi ta dariya.

Ga dalili. Ido mai faɗin gani yana sa mai hoto ya matso kusa ƙwarai. In ya matso, abin da ke dab da shi sai ya kumbura, abin da ke nesa ya ƙanƙance. Haka kuma abin da ya faɗa gefen hoto yakan miƙe. Wata mai tallan fura ta faɗa gefe, sai ƙwaryarta ta fito doguwa kamar ƙwai. In kuma aka ɗaga bakin kyamara sama, sai bango ya fito kamar zai kwanta. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A gonar gawo

Da la'asar muka fita bayan gari, hanyar Dungu. Can ne ake samun fadamu inda ake noman rake da garka. Kafin mu kai, muka tsaya a gonar wani dattijo. Muka yi sallama, ya ba mu ruwa. Mai hoto ya ce, "Baba, ka yarda in ɗauki gonarka?" Ya ce, "Ɗauki, ɗana. Amma ka sa itatuwan duka, kada ka bar ko ɗaya."

Nan ne idon ya yi aikinsa. Mai hoto ya durƙusa kusa da wani ɗan gawo da aka yi wa sassabe. Ya sa shi a gaba. Bayansa ga manyan gawo, ga rumbu, ga tumaki suna tsintar ƴaƴan gawo, ga sararin sama. Ido mai tsukakken gani da itace ɗaya zai nuna. Wannan ya nuna gona da abin da ke raya ta.

Dattijo ya daɗe yana kallo. Ya ce bayan fari na 1984 wannan gona fili ce fetal. Iska na binne shuka, sai an yi shuka sau biyu ko uku. Mata na yini neman itacen wuta. Daga baya mutane suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa cikin gona. Sukan zaɓi mai ƙarfi, su sassabe sauran, su bar shi ya tashi. Shi ne ake kira sassaben zamani. Gawo kuwa abokin hatsi ne. Ganyensa taki ne, ba ya yi wa shuka inuwa da damina, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani. Tsofaffi na cewa tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun an hana saran gawo.

Hoto ma ya shaidi maganar dattijo. A shekarar 1975 an ɗauki hotunan ƙasarmu daga jirgin sama. Bayan shekara kusan 30, wani masani ɗan Amurka mai suna Gray Tappan da abokan aikinsa suka jera tsofaffin hotuna da sababbi. Suka ga inda dā babu itace, yanzu ga itace. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna cewa a Mirya da Magarya da Matamaye, gonakin da itatuwa suka komo sun kai wajen hekta miliyan 1. A Nijar duka an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ba dashe ba ne. Aikin hannun manoma ne. Labarin ya kai ƙasashen duniya, kuma hoto ne ya taimaka aka yarda.

A bakin burtali

Kusa da gonar akwai burtali. Muna nan sai ga wani Ardo da shanunsa, sun gangaro cin kara. Ya gaisa da dattijo, amma gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Muka gane akwai magana a ƙasa. Ardo na cewa gonaki sun ci burtali. Dattijo na cewa burtali na nan yadda ya gada.

Ardo ya ce wa mai hoto, "Malam, ɗauki hanyar nan, a kai wa manya su gani." Dattijo ya ce shi ma a ɗauka. Mai hoto ya ce to, zai ɗauki biyu.

Na farko, ya tsaya a tsakiyar burtali, ya murɗa zuwa 16. Burtali ya fito da faɗi kamar filin idi. Dattijo ya ce, "Ka gani, Ardo? Ko raƙuma goma sai su jera."

Na biyu, ya shiga cikin gona, ya durƙusa, ya ɗauko burtali daga can. Gona ta fito ƙatuwa, burtali ya koma kamar zare. Ardo ya ce, "Ka gani, Malam? Ina saniya za ta bi a nan?"

Wuri ɗaya, rana ɗaya, kyamara ɗaya. Mai hoto ya sa hotunan biyu suka yi ta kallo. Sannan ya nuna musu hoton jakin kasuwa. Ardo ne ya fara dariya, dattijo ya bi shi. Mai hoto ya ce, "Baba, Ardo, ku gafarce ni. Wannan ido inda na tsaya yake fifitawa. Ba ya awo. In awo kuke so, sai igiya."

Gaskiya ya faɗa. Hoton jirgin sama ana iya ƙirga da awo da shi, domin daga sama yake kallo, kusan kome nisa ɗaya yake da shi. Hoton da aka ɗauka a ƙasa ba haka yake ba. Zai nuna akwai gawo, akwai rijiya, akwai turken iyaka. Ba zai faɗi taku nawa ne faɗin burtali ba.

Ƙasarmu tana da dokar karkara tun 1993. Ita ce ta kafa kwamitin kula da filaye, wanda ake kira Kofo. A cikinsa akwai hukuma da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. A 2010 kuma an yi dokar kiwo, wadda ta ƙara tsare burtali da makiyaya da mashaya. Muka ba su shawara su je wurin mai gari, a kira Kofo, a auna, a kafa alama. Ba mu ce sun shirya nan take ba. Amma da za su rabu, gaisuwar ta fi ta farko tsawo. Dattijo ya ce shanu su kwana a gonarsa, su ci kara, su bar masa taki.

Abin da za mu riƙe

Wani zai ce, ni da ba ni da kyamara, ina ruwana? Da ruwanka. Yau wayoyin salula da yawa suna da ido biyu ko uku a baya. A wasu, in ka taɓa inda aka rubuta 0,5 to ka buɗe ido mai faɗin gani. Ɗanka ko ƙanenka yana iya ɗaukar gonarka ko garkenka da shi. Ga abin da mai hoto ya koya mana:

1. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum ko gonarsa ko iyalinsa.

2. Ka riƙe wayar daidai, kada bakinta ya dubi sama ko ƙasa, don kada bango da itace su karkace.

3. In mutane za ka ɗauka, ka sa su a tsakiya. Kada ka matsa dab da fuska.

4. Ka ɗauka da safe ko da la'asar, rana tana bayanka ko gefenka. Ido mai faɗi yana saurin kwaso rana, hoto ya yi hazo.

5. Ka sa wani abu sananne a ciki, kamar rijiya ko kuka ko turken iyaka. In da hali mutum ya tsaya kusa da shi, don a gane girmansa.

6. Kowace shekara ka koma wuri ɗaya, a wata ɗaya, ka sake ɗauka. Bayan shekara biyar za ka ga yadda itatuwanka suka tashi.

7. Ƙurar hunturu abokiyar gabar gilashi ce. Ka busa ta tukuna, sannan ka shafe da ƙyalle mai laushi. In ka goge da bakin riga, yashi zai karce shi.

8. In wani ya nuna maka hoton gona ko burtali cikin rigima, kada ranka ya ɓaci nan da nan. Ka tambaye shi, a ina ka tsaya ka ɗauka?

Mun bar Matamaye bayan magariba, da damin rake a bayan mota. Mai hoto ya yi alkawarin wanko hoton gonar gawo ya aika wa dattijo. Ardo kuwa hoton jaki ya ce a aiko masa.

Ƴan'uwa, wanda ke da tsohon hoton garinsu ko gonarsu, ya adana shi da kyau, ya nuna wa malamin yaƙi da jahilci da ƴan ajinsu. A kwatanta dā da yanzu. Allah ya ba mu zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, ya kai mu damina mai albarka. Amin.