Koronar da ba a san mai ita ba



Duk wanda ya tashi a garuruwanmu na Jazira da bakin Bahar Azrak, daga Madani har Sinnar da Maiwurno, ya san kukan tsohuwar lori tun kafin ya hango ƙurarta. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka iso wannan ƙasa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu a kan hanyar Makka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara tara mu. Amma abin da ya haɗa gonakinmu da kasuwa a zamanin iyayenmu shi ne lori, musamman Bedford ƙirar Ingila, wadda mutanen Sudan suka laƙaba wa suna Sifinja saboda taushin tafiyarta. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci tun ƙarshen shekarun 1980, hannun maƙera da makanikai ne ya riƙe ta har yau.

A ƙarƙashin kowace irin wannan mota, tsakanin tayoyin baya, akwai wani ƙarfe mai kama da tulu. Shi ne muke kira korona, ba dai cutar nan ba. Ƙarfin inji yana bi ta giya, ya bi doguwar sandar kardan, ya isa wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ake kira binyon. Binyon yana juya babban faifan korona, faifan kuma ya karkata ƙarfin zuwa hagu da dama. A tsakiyar faifan akwai ƙananan giyoyi masu aikin hikima: idan mota ta sha kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa, su ne suke ba kowace damar juyawa gwargwadon buƙatarta. Ba don su ba, da tayoyi sun cinye, da sandar aksil ta karye.

Ƙasarmu baƙa ce mai danƙo, ita ce kuma babbar abokiyar gabar korona. Da damina, idan taya ɗaya ta faɗa laka, sai ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta tana tsaye. Direba mai gaggawa ya ƙara wuta, ƙananan giyoyin su yi zafi, su ci juna. Idan mota ta ratsa ruwa, yakan shiga ta 'yar kafar numfashi, man giya ya koma kamar kunun gyaɗa. Daga nan sai boris ya saki, kuka ya fara, sannan ƙwanƙwasa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ji wannan kuka ya ci gaba da lodi, watarana zai kwana a daji da albasarsa.

A ƙasashen Turai, masu tsofaffin motocin tsere sukan zauna su yi shawara ko a gyara korona ko a musanya ta, abin sha'awa ne a wurinsu. Mu a nan, a kan wannan ƙarfe ne dawa take isa kasuwa, mai naƙuda take isa asibiti. Yaƙi kuma ya ƙara wa shawarar nauyi. Tsakanin Disamba 2023, lokacin da Madani ta faɗi, da Janairu 2025, lokacin da aka dawo da ita, an kwashe motocin mutane ba adadi a faɗin Jazira. Da yawa ba su dawo ba, an farfasa su an watsa gaɓoɓinsu. Shi ya sa yau za ka ga korona lafiyayya a shimfiɗe a ƙasa, farashinta ya kasa na gyara, mai sayarwa kuma ba ya son tambaya.

Wannan jarrabawa ta zo har zauren dattijonmu. Lorin da jama'ar garinmu suka haɗa kuɗi suka saya shekaru da dama, tsufanta ne ya cece ta daga masu bindiga, amma koronarta ta gaza daidai lokacin kwasar amfanin gona. Matasa suka zo da labarin wata da aka yi musu tayi, a ɗaura yau a tashi gobe. Hujjarsu ba ta banza ba ce: albasa ba ta jira, asusun gari ya rame, mu ma an kwashe mana namu, mai ita kuwa wa ya san inda yake? Muna rubuta bayanin zaman, mun ga kawuna da yawa suna gyaɗawa.

Dattijo ya juya ga limami ya ce, "Allah gafarta Malam, me shari'a ta ce?" Limami ya bayyana abin da duk wanda ya yi karatun fiƙihun Malikiyya ya sani daga babin istihƙaƙi: sata ba ta cire dukiya daga mulkin mai ita, ko ta bi hannu goma. Ranar da ya gane kayansa ya kawo shaida, zai karɓa, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. Wanda ya saya alhali zuciyarsa ta rinjaya cewa kayan ƙwace ne, ya yi tarayya cikin laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sannan ustan gari, wanda ya koyi aiki a unguwar masana'antu ta Madani, ya ce, "Baba, ko ta fuskar aiki, araha ba ta ado." Ya yi mana bayani cewa binyon da faifan korona tare ake goge su a masana'anta, ba a aurar da na wannan mota ga na waccan. Kuma yawan haƙoransu ya bambanta tsakanin mota da mota. Wadda aka yi don gudu a kwalta, idan aka ɗaura wa lorin kaya, za ta kasa tashi da lodi, kuloci ya ƙone. Wanda bai san motar da aka ciro ƙarfe daga jikinta ba, bai san wahalar da ta sha ba.

Aka yanke a buɗe tamu. Da aka zubar da mai aka wanke, sai aka tarar faifai da binyon suna da sauran rai, boris biyu ne suka mutu, da robar da ke tsare mai, da ƙananan giyoyi. Aka sayo sababbi a shagon da ke ba da takardar shaida. Usta ya kwana biyu yana daidaita tazarar haƙora da siraran ƙarafa kamar ɓawon albasa, yana shafa fenti a haƙoran yana juyawa, har sai da tabon ya zauna a tsakiyar kowane haƙori. Mun yi mako guda babu mota. Wasu buhunan albasa sun ruɓe, masu su kuma ba attajirai ba ne, aka raba asarar a kan asusun gari.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shafin nan shi ne, a cikinmu akwai direbobi da makanikai da masu sayar da kayan gyara, kuma irin wannan tayi zai ci gaba da zuwa. Mu jama'a ce da ake saurin nuna wa yatsa a wannan ƙasa, duk da ƙarnin da muka yi muna nomanta. Mota ɗaya da aka kama da kayan wani a garin Hausawa ta isa a shafa wa dukkanmu baƙin jini. Bayan haka, kowace korona da ke shimfiɗe a ƙasa tana da gidan da ake kukan rashinta, wataƙila ma gidan ɗan'uwanmu ne a gari na gaba.

Saboda haka muna roƙon masu motoci su duba man korona bayan kowace damina, su saurari kuka tun yana ƙarami. Wanda tilas ta sa shi sayen na hannu, ya tambayi motar da aka ciro shi, ya nemi takarda da shaidu biyu. Dattawan kowane gari kuma su buɗe littafi, a rubuta lambobin motocin da aka rasa, a riƙa sanar da juna.

Allah Ya mayar wa kowa da alheri, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya ciyar da mu halal. Amin.