Bariki ba soja

A kasuwar Gangara, cikin Damargu, kalmar bariki tana yawo a bakin mutanen da ba su taɓa taka sansanin soja ba. Asalinta barracks ne, wato mazaunin soja da Ingilishi, alhali Ingila ba ta mulki Damargu ko na yini ɗaya ba. Faransa ce ta kama Damagaram a 1899, amma kalmarta caserne ba ta sami masauki a Hausa ba. Daga kudu bariki ya hauro, bayan rundunar Gwamna Lugga ta ci Kano a 1903. Fatake da ƴan cirani ne suka ɗauko shi tare da goro, suka sauke a ƙasar hatsi.

Da isowarsa aka laƙaba shi ga mazaunin kumandan. Idan dattijo ya ce "an kira ni bariki", Tanut yake nufi, kuma da wuya kiran ya zama na alheri: ko haraji, ko aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

Kumandan ya tafi, kalmar ta zauna, ta kuma tuɓe kakin soja. Yanzu bariki shi ne duk inda mutum yake zaune ba idon iyaye a kansa. Akwai wayon bariki, da sunan bariki, da auren bariki. Wanda ya je Kano ko Agadas ya daina aike gida, sai a ce bariki ya cinye shi. Mushen lakwal ma, tunda albashi yake ci a garin da ba a binne cibiyarsa ba, ɗan bariki ne a idon ƙauye, ko da shi ke jan salla.

Sai dai ma'aunin kalmar ba ɗaya ba ne. A ce da saurayi ɗan bariki, zargi ne da yabo a ciki: ya goge, ba a cutarsa a ciniki. A ce da budurwa ƴar bariki kuwa, an gama da ita; kalma guda ta isa ta mayar da kayan aure. Malaman Damargu sun san nauyinta fiye da kowa. Yarinya ta gama firamare da sakamako mai kyau, karatun gaba yana wani gari, uban ya saurari mushe har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, ban haifa wa bariki ba."