Kayan maharbi: abin da ake ragewa da abin da ba a taɓawa

Duk shekara idan an gama shigar da hatsi rumbu, rani ya kankama, nakan ga wasu manyan ɗalibaina suna shirin bin ƴan farauta daji, wani lokaci har kwana biyu ko uku. Ba na yi musu faɗa, don ni ma a gidan maharba na tashi. Abin da nake dubawa shi ne kayan da suke saɓawa.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, burgami ɗaya yake ratayawa. A ciki akwai wuƙa, ashana, ɗan gishiri, igiya, ƙuli-ƙuli da garin rogo, sai dabino in an samu. Adda a hannu, salkar ruwa a kafaɗa. Tukunya ba ta cikin lissafinsa, don nama a kan garwashi ake gasa shi. Bargo ma haka: zanen da ya yafa da rana shi ne mayafinsa da dare. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne. Wanda ya fita da jaka cike, ina zai sa abin da ya kamo? Dawowa ta fi tafiya nauyi, kuma lokacin ƙafa ta riga ta gaji.

Yaranmu na yau sun san nauyi matsala ne, amma a wurin da bai dace ba suke ragewa. Za ka ga yaro da rediyo, tocila babba, kayan shayi cikakku har da gwangwanin madara, takalmi biyu. Da ya ɗaga jakar ya ji ta yi masa yawa, sai ya zubar da rabin ruwansa, tunda shi ne ya fi komai nauyi. Gaskiya ne, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Amma a ƙasar Maradi zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, tabkuna sun ƙafe, kuma karnuka ma daga wannan ruwan za su sha. Ƙishirwa ba ta fara da faɗuwa. Ciwon kai take farawa da shi, sannan mutum ya rikice ya ɓata hanya.

Farauta dai tana da doka a Nijar, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, kuma wuri irin gandun Gadabeji ba wurin harbi ba ne. Wannan ma ya kamata uba ya tambaya: ina za ku, da wa?

Ni abin da nake roƙon iyaye shi ne su sa yaro ya zazzage jakarsa a kan tabarma kafin ya fita. Rediyo ya zauna gida. Butar shayi ɗaya ta ishi mutum biyar, a raba kayanta tsakaninsu. Gurbin da aka samu a cika shi da ruwa, a ƙara ƙunshin gishiri da sukarin nan da ake bayarwa a asibiti, guda biyu ko uku.