Katin da Baba ya ɗauka karta ce

A gidanmu da ke Barnawa ba a shigo da karta. Ko Whot da yara ke bugawa a gindin mangwaro, Baba cewa yake daga nan caca ke farawa. Shi ya sa da kawunmu ya dawo daga Ingila ya ba mu kwalin katunan Magic: The Gathering, mu uku muka ɓoye shi a ƙarƙashin katifa.

Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro wasan, aka fitar da shi a 1993. Ba rabon kati ake yi ba kamar Whot. Kowa shi ke zaɓar kati 60 ya haɗa daminsa, a fara da rai 20, wanda ransa ya ƙare ya faɗi. Kafin ka ajiye kati kuma sai ka biya shi da makin da katunan ƙasa ke ba ka.

Da yayanmu ya gama kwashe katunan dodanni masu aman wuta, abin da ya rage wa mu biyu ƙanana shi ne korayen katuna na elf, wasu halittun tatsuniyar Turawa masu dogayen kunnuwa da ke zaune a daji. Muka sa musu suna 'yan kunne. Ɗaya-ɗaya ba su da ƙarfi. Amma Llanowar Elves, da ake biya da maki ɗaya, kowane zagaye yana ƙara maka maki ɗaya. Elvish Archdruid kuwa yana ƙara wa duk 'yan'uwansa ƙarfi. Kafin dodon Yaya ya sauka, mun cika fili. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai Yaya ya gano jan katin nan Pyroclasm, mai ƙona duk ƙananan halittu lokaci guda. Sau uku yana share mu kafin muka koyi riƙe kati biyu a hannu, kada mu zube komai a fili.

Wata Asabar da daddare aka ɗauke wuta, muna wasa da tocilan. Baba na wucewa ya ji ana cewa, "Yaya, ka biya uku tukuna!" Ya turo ƙofa, ya tattara katunan bai ce uffan ba.

Kwana biyu ba ya amsa gaisuwarmu da kyau. Wannan ya fi rashin katunan ciwo. A rana ta uku muka durƙusa muka ba shi haƙuri, muka roƙi ya zauna ya kalli wasa ɗaya. Ya sa tabarau, ya karanta Turancin kowane kati, ya tambaye mu ina kuɗin. Muka nuna masa makin da muke rubutawa a bayan tsohon littafin lissafi.

Ya ce ya yarda ba caca ba ce, amma ɓoyewar da muka yi ita ce laifin. Ya gindaya sharuɗɗa: ba kuɗi, ko na alewa, ba wasa sai an gama aikin makaranta, kuma a falo, ba a ɗaka ba.

Yanzu kwalin yana kan teburin falo. Ranar Asabar da ta wuce, muna shirin zube 'yan kunnenmu gaba ɗaya, Baba ya leƙo ta bayan jarida ya ce, "Ku rage biyu a hannu."