MiG-17 da nake ginawa a cikin waya

Wannan makon ba gajeren labari na kawo ba, zancen jirgin yaƙi ne, kuma jirgin a cikin wayata yake.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ya san ƙarar ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964. Muna yara in sun gifta ta saman Ƙofar Doka sai mu bi su da gudu muna ɗaga hannu, mu dawo mu ƙera namu da kara da gwangwanin madara. Yanzu karan ya koma gem. Sunansa SimplePlanes: a ba ka gutsattsarin gangar jiki, fiffike, inji da taya, kai za ka auna, ka haɗa, ka gwada ko zai tashi. Wata uku ke nan ina haɗa MiG-17, da daddare in an kawo wuta, ko a rumfar mai caji.

Na zaɓe shi ne don yana cikin jiragen yaƙi masu injin jet na farko da Najeriya ta mallaka. Rundunar Sojan Sama an kafa ta a 1964, amma sai a watan Agustan 1967, Yaƙin Basasa na da 'yan makonni, jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyet suka iso filin jirgin saman Kano. Da farko matuƙa 'yan Masar ne suka riƙa tuƙa su.

A hoto jirgin kamar bututu ne da aka manna wa fiffike. Sai ka zo ginawa za ka raina kanka. Tsawonsa ya ɗan haura mita 11, faɗinsa daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen fiffike bai kai mita 10 ba. Hancinsa a buɗe yake, ta nan iska ke shiga, ta rabu biyu ta kewaye mazaunin matuƙi, sannan ta haɗe a gaban inji. Wannan hancin kaɗai ya ci mini sati biyu. Fiffiken ya karkata baya da kusan digiri 45, alhali na yayansa MiG-15 digiri 35 ne. A kan kowane fiffike akwai wasu siraran faranti guda uku a tsaye, MiG-15 biyu gare shi. Aikinsu su tare iska kada ta zame ta gudu zuwa ƙarshen fiffike, don in ta gudu can jirgin na iya kuɓuce wa matuƙi. A gem ɗin ko ka sa su ko ba ka sa ba tashi zai yi, amma na sa, domin wanda ya san jirgin da su yake fara bambance shi. Injin ma da nasa labarin: asalinsa daga injin Nene na Rolls-Royce ne, wanda Ingila ta sayar wa Sobiyet a 1946, su kuma suka kwaikwaya suka inganta. Wato kwaikwayon kwaikwayo nake yi.

Difilomata ta kanikanci ce, kuma mun karanta batun cibiyar nauyi har mun ci jarrabawa a kansa. Amma a nan na gan shi da ido. Dole cibiyar nauyi ta kasance kaɗan gaba da inda fiffike ke ɗaukar jirgin, in ta koma baya sai hanci ya ɗaga sama, jirgi ya wuntsila. Kawuna yana cewa wannan aikin marasa aiki ne. Ban cika musu da shi ba, tunda takardar tana cikin akwati, aikin kuma bai samu ba tukuna.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne wajen bindigogi. MiG-17 na da uku a ƙarƙashin hanci, ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23, an tsara su ne don kakkaɓo manyan jirage masu jefa bom. Akwai wani abokina Ibo mai gyaran waya a Sabon Gari, shi ya canza mini gilashin wayar. Da ya ga jirgin da tambarin kore-fari-kore a fiffike, sai ya yi shiru, can ya ce kakarsa har ta rasu in ta ji ƙarar jirgi ƙasa-ƙasa sai ta nemi gindin bishiya. Bai ce in goge ba. Ya haɗa wayar ya miƙo mini.

Daga nan na koma karatu. An kai hare-hare ta sama a kan kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, fararen hula sun mutu. Ranar 5 ga Yunin 1969 wani MiG-17 na Najeriya ya harbo jirgin Red Cross da ke ɗauke da kayan agaji. A gidajenmu labarin yaƙin da muka ji shi ne na iyayenmu da suka shiga soja, wasu ba su dawo ba, kuma wannan ma gaskiya ne. Na ƙasan fiffiken ne ba mu ji ba.

Na gwada cire bindigogin in bar shi jirgin kwalliya. Ina cirewa nauyi ya koma baya, ya ƙi tashi daidai, sai in na cusa wani nauyi a hancin a madadinsu. A ganina wannan ha'inci ne, kamar marubucin da ya ɗauko mutumin tarihi ya wanke shi tas don labari ya yi daɗi. Don haka na mayar da su, na bar tambarin yadda yake. A wurin rubuta bayanin jirgi, bayan tsawo da faɗi da sunan inji, na ƙara layi biyu: Kano, Agusta 1967, da 5 ga Yuni 1969.

Saura tayoyi, har yanzu ta gaba ba ta naɗewa cikin hanci yadda ya kamata. In ta naɗe, Sabon Gari zan fara kai shi kafin in nuna muku a nan.