Kafin a karanta lis, a duba jerinta



Bara, gab da shuka, an kawo mana lis ta waɗanda za su amshi irin gero, aka ce mu karanta a radiyo. An ce an jera ta gari-gari, mu kuwa muka yarda. Da mun ƙare sunayen gari guda sai mu ce shi ke nan, su kama hanya gobe. Ashe sunan wata tsohuwa ya faɗa can ƙasa, cikin na wani gari. Kafin mu kai gare shi, jikokinta sun kashe radiyo. Ba ta je ba, iri ya ƙare. Wallahi har yau abin na cin mu.

Da muka ba wani ƙanenmu labari, ɗalibin noma a Jami'ar Maraɗi, sai ya ce ai masu bincike da kwamfuta ma suna tsoron wannan.

A 2017, masana na ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai, tare da IRD ta Faransa da BGI ta Sin, sun fitar da taswirar gadon halittar gero: kuromozom 7, ƙwayoyin gado sama da 38,000. Ana rubuta irin wannan bayani layi-layi: sunan kuromozom, inda yanki ya fara, inda ya tsaya. Manhaja kamar BEDTools, da ta fito a 2010, tana sauri ƙwarai in an ce mata layukan a jere suke, don daga sama take bi zuwa ƙasa sau ɗaya, ba ta waiwaye. In jerin ya karye ba a lura ba, sai ta tsallake wani yanki, yadda muka tsallake tsohuwar nan.

Muka ce, to, a riƙa sake jerawa kullum mana. Ya ce ɓarnar lokaci ce. Jera layi miliyan 1 na cin gwaji wajen miliyan 20. Dubawa kuwa 999,999 kawai: kowane layi a gwada shi da na samansa, lambarsa kada ta gaza. Sannan a riƙe sunayen kuromozom da aka wuce. In wanda aka baro ya sake ɓullowa, a tsaya nan take.

Yanzu haka muke yi a situdiyo. Kafin mu buɗe mikro, mu ɗora yatsa kan lis, mu sauka layi-layi, muna rubuta kowane gari a gefen takarda. Gari ya fito sau biyu, mu gyara kafin mu yi magana. Ba ya cin lokacin shan shayi.

Sakatarorin ƙungiyoyin manoma, don Allah ku ma ku gwada. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.