Yatsa ɗaya

A gidansu a Tawa ba a gaji kiɗa ba. Shi ya sa lokacin da ya zo jami'a a Yamai, ya fara aron gitar abokin ɗakinsa ɗan Agadas, bai faɗa wa kowa a gida ba. Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne labarin Mdou Moctar, ɗan jiharsu, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke.

Abokin ya fara masa da akor mafi sauƙi, wato Mi minar: yatsu 2 a gaɓa ta 2, kan tsirkiya ta 5 da ta 4, sai a kaɗa duka 6 ɗin tare. Sauƙin a baki yake. Kan yatsunsa ya yi ja, tsirkiyoyin suka yi ta ƙugi maimakon amo, ƴan ɗaki suka yi masa dariya har suka gaji.

A wannan zangon ne kuma darasin tsarin sauti ya kusa kayar da shi. Hausa ya tsotsa a nono, amma idan malam ya ce a nuna dogon wasali da gajere a rubuce, sai kunnensa ya toshe. Bakinsa bai taɓa rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba, sai dai ya kasa nuna inda suka rabu.

Wani dare abokin ya ce masa, "Bar yatsun nan inda suke, ɗora manuniya a gaɓa ta 1 kan tsirkiya ta 3." Ya ɗora, ya kaɗa. Sautin da ke kama da jimami ya washe, ya zama Mi majar. Ya ɗage yatsan, jimamin ya dawo. Ya ɗora, ya ɗage, har aka kira assalatu. Abin da malam ke bayani a allo ke nan: komai iri ɗaya, abu guda ya sauya, ma'ana ta bi shi.

Tun daga ranar yakan furta kalma a hankali, ya saurari kansa kamar yadda yake sauraren tsirkiya. Ya tsallake jarrabawar da ƙyar.

Da ya je hutu, mahaifiyarsa ta lura da kantar da ta fito a yatsunsa na hagu, ta tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Karatu ne, Inna."